Guntayen Yadi da Jan Biro

Ɗakin da na kama a unguwar Television ta Kaduna yana bayan gidan wani tsohon ma'aikacin masaƙa ne, Baba Yohanna. Don ajiyar masara aka gina shi, aka fasa. Ranar da na shiga ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi butata da darduma, ya ce, "To, ɗan Nijar, gabas tana wajen mangwaron can. Aladen da za ka riƙa ji na maƙwabta ne, ba nawa ba, kada ka kawo mini ƙara." Iyakar yarjejeniyarmu ke nan. Shekara biyu da 'yan watanni na yi a ɗakin.

Sunana Musa, mutumin Maraɗi ne ni, sana'ata guntayen yadi. In masaƙun Kaduna sun buga atamfa akwai abin da ke saura: bakin yadi, da wanda launi ya zame, da wanda inji ya ci gefensa. Shi nake saye ɗauri-ɗauri in kai gida, teloli su yi rigunan yara da zanen goyo. Ban gaji ko allura ba, da wannan na kafa kaina.

Abin da ya zaunar da ni a Kaduna shi ne wata masaƙa da ke neman wakili a Maraɗi, wanda zai riƙa sayar da cikakkiyar atamfa ba guntaye ba. Manajan sayarwarsu ya ce sun san ni, amma wakili sai ya iya rubuta rahoto da Turanci kowane wata, kuma a fam ɗinsu akwai gurbin takardar makaranta. Ni bokona na Faransanci ne, shi ma a aji uku na kwaleji ya tsaya. Na bar wa ƙanena shago, na bar mata da 'ya'ya uku, na shiga difloma ta yamma a fannin kasuwanci.

Shekarar farko ƙamus ne ya cinye ta. A aji akwai akawu-akawu, da malaman firamare, da ɗan sanda ɗaya da ke barci a layin baya, da 'yan kasuwa irina. Ba a wulaƙanta ni ba, dariya dai ake yi in na buɗe baki. Abin da ya fi damuna ba Turanci ba ne. A Maraɗi kiran salla ke tashe ni, a Television jiniyar masaƙa ce, ran Lahadi kuma ganguna. Sallar Juma'a sai na haye gadar kogin Kaduna. Furar da nake samu ta masara ce aka rina da gero. Wasiƙa daga gida direban da ke ɗaukar mini kaya ne ke kawowa, wata-wata, kuma kullum maganar ɗaya ce: yaushe za ka gama.

Amma zaman ya ba ni wani abu da ban zo nema ba. Sauran dillalai a ƙofar masaƙa suke layi, su sayi kaya a cakuɗe da ƙura da baƙin mai. Ni kuwa wata rana na ga Mama Saratu, matar Baba Yohanna, tana shanya guntaye a igiya, wankakku, an jera su tsawo-tsawo. Na tambaya. Ashe masaƙu suna sayar wa ma'aikatansu ɗauri a kan araha kowane ƙarshen wata, su kuma su kai wa matansu. Matan suna cikin zumuntar mata ta cocinsu, Mama Saratu ce uwar zumunta. Suna haɗa kayan wuri ɗaya, su wanke, su goge, su ware, su riƙa sayar wa maƙwabta kaɗan-kaɗan. Na ce zan kwashe duka. Tun daga nan kowace Alhamis in sun tashi taro, sai in bi ta hanyar baya zuwa wata rumfa a bayan cocin, in yi ciniki in tafi.

Ba wanda ya sani. Akwai Ɗanlami, dillalin yadi daga Tudun Wada, bayana yake zama a aji. Ya ga kayana a tasha sau biyu.

"Musa, don Allah ina kake samo wankakkun nan?"

"Allah ke bayarwa."

"Mu ba ya ganinmu ne?"

"Ka ƙara haƙuri."

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki muka shiga zangon ƙarshe. Rabin aji ya koma 'yan siyasa, wani da muke ara masa biro ya zama kansila ya fara zuwa da babbar riga. Mu saura aka ce mu fara furojek: bincike mai babi biyar, malami ya duba ya sa hannu, a ɗaure shi, sannan ka tsaya gaban mai jarrabawa daga wata makaranta ka kare abin da ka rubuta. Mai jarrabawan sau ɗaya yake zuwa a shekara, wanda ya kuskure shi sai baɗi. Manajan masaƙa kuma ya ce zai riƙe mini gurbin zuwa sabuwar shekara, bayan nan ba ruwansa.

A ƙofar makaranta akwai wani mai teburi a gindin bishiya, Oga Sande. Shi ya fara tare ni.

"Alhaji, kai da kasuwa, ina ka ga lokacin laburare? Kawo take kawai, sati ɗaya ka zo ka ɗauka."

Na ba shi take a kan cinikin yadi, na biya. Bayan sati ya miƙo mini aiki a buge tsaf. Da na koma ɗaki na buɗe shi yadda nake buɗe ɗauri, wato daga tsakiya. Layin farko da idona ya faɗa ya ce masu saye sun fi son wanda ya fi kumfa. Aikin wani ne a kan sabulu, an canza kalmar a shafukan farko da na ƙarshe. Na koma washegari.

"Oga Sande, yadi yana kumfa?"

"Haba Alhaji, wane malami ke karanta tsakiya?"

Bai mayar mini da komai ba, ni ma ban ɗaga murya ba. Na biya kafin in duba kaya, abin da ko sabon shiga kasuwa ba ya yi.

Malamar da aka haɗa ni da ita Madam Naomi ce, mutuniyar Filato, a Barnawa take zaune a wani bene na ma'aikata. Asabar da safe take ganin ɗalibai, a baranda, tana tsintar wake ko acca a faranti, jan biro a soke a gashinta. Ta tambaye ni me na sani wanda ba a littafi na karanta ba. Na ce guntayen yadi. Ta sa na yi mata bayani kusan rabin awa, sannan ta ce, "Shi za ka rubuta."

Babi na ɗaya sau uku yana dawowa. Ta ce jimlolina suna tashi daga Kaduna ba sa tsayawa sai Maraɗi. Babi na biyu, inda ake kawo abin da wasu suka rubuta a baya, ya fi wahala, don ba wanda ya taɓa rubutu a kan guntaye. Ta tura ni in karanta na gwanjo da na ƙananan 'yan kasuwa. Na yi Asabar shida a laburare ina kwafa da hannu. Mai buga mini a kwamfuta a Barnawa ta gama babin, aka ɗauke wuta kafin ta adana, muka sake daga farko. Duk wannan wahala ce ta kowa da kowa, ban ɗauke ta wani abu ba.

Inda na yi nawa kuskuren shi ne babi na uku da na huɗu. Na uku shi ne inda za ka faɗi wurin da ka samo bayananka da yadda ka samo su, na huɗu kuma abin da ka samu. Aikin na yi shi da gaske. Na bi matan zumunta ɗaya-ɗaya da takardar tambayoyi, suna amsawa suna dariya, wata ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa tambayarta ra'ayinta a rubuce ba. Amma da na zauna rubutawa sai hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha biyar. Na rubuta cewa masu sayarwar a kasuwar Rido suke. Na zaɓi Rido ne don tana da nisa, in Ɗanlami ya leƙa aikina ya je ya ƙona mai. A babi na huɗu kuma na ɗaga farashin saye, na sauke na sayarwa, ribar ta koma 'yar mitsitsiya. Ban ji a raina cewa ƙarya nake yi ba. Ba dillalin da ke faɗin inda yake saye, ko ga ɗan uwansa.

Madam Naomi ta karanta shafi biyu ta ajiye faranti.

"Malam Musa, Rido ka ce?"

"E, Madam."

"Ƙanwar mijina a can take aure. Na san doyar Rido, na san kananzir, na san direbobin tanka. Wace rumfa ce ta yadi?"

"Ba su da rumfa, Madam."

"To a ina ka same su? A kan bishiya?"

Ta turo mini shafin gabana.

"Ka je ko ba ka je ba? In a ɗaki ka cika takardun nan da biro kala-kala, faɗa mini, ba kai ne na farko ba."

"Na yi hira da mutanen, Madam, kowace da bakinta. Wurin ne kawai na canza."

"Don me?"

Na gaya mata. Na ce akwai mai sana'ata a aji, kuma aikin laburare za a kai shi, kowa ya buɗe. Ta yi dariya har sai da ta share ido da gefen zane. Sannan ta daina.

"Farashin fa?"

"Shi ma na ɗan taɓa."

"Malam Musa, ka san me ya sa ake rubuta babi na uku? Don wani ya bi sawunka ya je ya ga abin da ka gani."

"Ai shi nake gudu, Madam."

"Na sani. A kasuwa wannan wayo ne. A nan kuwa ka kawo mini buhu ne ka ce in saya kada in buɗe. Sunayen matan kana iya ɓoyewa, an yarda. Amma unguwa, da irin ƙungiyar, da yadda ake cinikin, da farashi na gaskiya, dole su fito. Kuma ka je ka nemi izininsu. In ba haka ba ba na sa hannu."

Saura sati uku mai jarrabawa ya zo.

Kwana uku ina auna abin. Unguwa da irin ƙungiya sun ishi Ɗanlami, cikin sati ɗaya zai gano rumfar. A ɗaya gefen kuma ga shekara biyu da na bar gida, ga gurbin da ba zai jira ni ba. Na yi tunanin in tsara wata ƙaryar da ta fi ta Rido kyau, in ce Kakuri ko Nasarawa. Sai na ga matar nan tana da dangi a ko'ina.

A makon ne aka kama azumi, a shekarar ya zo wata ɗaya da Kirsimeti. Tun azumin bara Mama Saratu ta sayi sabon kwano mai murfi ta ware mini shi, kullum dab da magariba sai in tarar da kunu da ƙosai a bakin ƙofa. Ba ta taɓa kuskure lokaci ba, ban san wa take tambaya ba. Rana ta uku da na mayar da kwanon na gaya mata halin da nake ciki. Ta saurara tana jujjuya tuwo.

"Wannan ba maganata ba ce ni kaɗai. Ka zo ran Alhamis."

Ran Alhamis ta tsayar da ni a rumfa ta ce, "Mata, ɗan Nijar zai sa mu a littafi."

"Da hoto?" in ji wata.

"Ba hoto, ba suna," na ce.

"To wane irin littafi ne wannan?"

Magatakardarsu, Malama Esta, malamar firamare ce, ba ta cika dariya ba. Ta ce, "Mu me za mu samu?"

Kafin in amsa Mama Saratu ta ce, "In an ɗaure, kofi ɗaya namu ne."

Na ce na yarda, da sauri ma. Hankalina duk yana kan Ɗanlami.

Cikin kwana goma na sake babi na uku da na huɗu. Abin da na lura da shi, lambobin gaskiya sun fi sauƙin rubutawa. Na ƙaryar kullum sai wani ya ƙi zama da wani, in gyara nan can ya karkace. Waɗannan kuwa na jera su kawai: yadda ake sayen ɗauri a rumfa, kuɗin mota, abin da ake bayarwa a kan iyaka, da yadda teloli ke saye a Maraɗi. Jan biron Madam ya ragu. A babi na biyar na cika shafi biyu da yabon sabuwar gwamnati da fatan alheri, don na ga haka kowa ke yi. Ta ja layi ɗaya daga sama har ƙasa.

"Farar hula ba su tambaye ka ba. Me lambobinka suka nuna? Wa ya kamata ya yi me?"

Na rubuta abin da suka nuna: matan za su fi samu in suka haɗa kai suka kai kayan ga teloli da kansu. Ban damu ba. Shawarwarin babi na biyar kowane ɗalibi yana rubutawa, ban taɓa jin wanda aka bi ba. Ta sa hannu saura kwana huɗu. Aka ɗaure kofi huɗu da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Uku na makaranta, ɗaya na miƙa wa Mama Saratu a tsakar gida, ta goge hannu a zane kafin ta karɓa.

Ranar karewa aji ya cika. Mai jarrabawan dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ya yi mini tambaya uku da Turanci, na amsa da irin nawa. Sannan ya duba shafin farashi ya ce da Hausa, "Da gaske ribar ta kai haka?" Na ce ta kai. Ya ce ashe ya yi kuskuren sana'a. Aka yi dariya. Ɗanlami yana layi na biyu yana rubutu a tafin hannunsa. Na ci, da sakamako mai kyau ma. A waje ya dafa kafaɗata.

"Ashe ran Alhamis ake rabon."

Washegari na kai wa manaja takardar shaidar gamawa. Ya karanta, ya sa a fayil, ya ce in fara a watan Janairu. Abin da ya kawo ni ke nan, kuma na samu.

Alhamis ta ƙarshe kafin Kirsimeti ita ce babbar kasuwar rumfa, don a watan masaƙu kan ninka wa ma'aikata kaso. Na yi niyyar in kwashe kayan in tafi da su gida gaba ɗaya. Na fita da wuri don in riga Ɗanlami. Na tarar da shi a kan benci, hula a gwiwa, fuska a ɗaure. Ɗaurruka suna jere ba a taɓa ko ɗaya ba. A kan teburi ga baƙin littafi a buɗe, Malama Esta tana zaune a gabansa da tabarau.

"Sannu da zuwa, mai littafi," in ji Mama Saratu. "Zauna kusa da abokinka."

Na zauna, muka gaisa, na taya kaya yadda na saba tayawa. Malama Esta ta lashi yatsa ta juya shafi, ta karanta da Turanci, ta fassara wa matan da Hausa: ga yadda ake saye a nan, ga yadda ake sayarwa a Maraɗi, ga abin da ke saura a hannun dillali.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne."

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To."

Suka faɗi sabon farashi. Sun raba ribar biyu ne suka ɗauki rabi, lissafin kuma daidai yake. Ɗanlami ya juyo.

"Ka ga abin da bokonka ya ja mana? Ni da nawa furojek ɗin a kan sabulu ne, me na yi?"

Na yi awa guda ina ciniki. Na ce hanya ta lalace, mota ta ƙara kuɗi. Malama Esta ta ce an riga an sa kuɗin mota, ga shi a jadawali na uku. Na ce wani ɗaurin yakan zo da ruɓaɓɓu. Ta ce marubucin ya ce na zumunta ba a samun haka, shi ya sa teloli ke rububinsu. Duk abin da na ɗauko, na riga na amsa shi da kaina a wani shafi, kuma Madam Naomi ta gyara Turancin. A ƙarshe na sayi rabin abin da na saba saye, Ɗanlami ya ɗauki kaɗan yana ƙunƙuni, suka ce sauran ba na sayarwa ba ne.

Ina ɗora kaya a bayan a-kori-kura Mama Saratu ta zo ta tsaya kusa da ni, littafin a hammatarta.

"Musa, ba ka ji haushi ba ko?"

"A'a, Mama. Ciniki ne."

"Yauwa. Kununka yana nan anjima." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Wancan babin na ƙarshe, inda ka ce mu kai kayan da kanmu. Mun zauna a kai, ni da Esta za mu fara zuwa bayan sabuwar shekara. A wace tasha ake shiga motar Maraɗi?"

Na gaya mata tashar, da ranar da mota ta fi cika da wuri, da layin telolin da za su tambaya in sun sauka. Ta kira Malama Esta ta rubuta a cikin bangon baya.